Saikad na kan tudu: littafin aiki daga Aboabo, Kumasi

11 Janairu 2025

Farfesa ya amince. Aikin digirina na biyu zai tsaya kan tsiron saikad ɗin nan da wani makiyayi ya nuna mana bara a wani tudu mai duwatsu, can yankin tafkin Volta. Sunan ƙauyen da na tudun ba za su fito a littafin nan ba.

Wanda bai san tsiron ba, in ya hango shi zai rantse ƙaramar kwakwar manja ce, alhali ko kusa ba dangi ba ne. Saikad ba ya fure. Namiji daban, mace daban, kowanne yana fitar da goyo a tsakiyar ganyensa kamar goyon masara da aka ɓare: na namiji yana zubar da garin barbara, na mace yana ɗauke da iri. Zuriyarsa ta riga dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, bayyana a doron ƙasa, kuma nau'o'in da suka rage yau ba su kai 400 ba. Wanda ake shukawa a ƙofar otal-otal a Accra da nan Kumasi, Cycas revoluta, baƙo ne daga Japan. Namu na gida a Afirka ta Yamma shi ne Encephalartos barteri, da ke Gana da Togo da Benin da Najeriya. An raɗa masa sunan a 1868 don tunawa da Charles Barter, mai tattara tsirrai a tawagar Baikie ta kogin Kwara, waɗanda jirginsu ya fashe kusa da Jebba a 1857. Shi Barter ya rasu a Rabba a 1859, bai ma ji sunan ba.

A 1978 Len Newton, wanda ya koyar a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, ya ware ƙaramin nau'i daga tsaunukan Jos ya kira shi allochrous. Kututturensa ya fi tsawo, sabon ganyensa kuma yana fitowa da launin jan ƙarfe maimakon kore. To, na tudunmu ma sabon ganyensa jaja-jaja ne, ga kututture a waje, ga Jos can nesa. Ɗayan uku ne ke nan: ko barteri ne da ya saba da dutse, ko allochrous ne a inda ba a san shi ba, ko kuwa wani abu ne da ba a taɓa rubutawa ba. Ni zuciyata na kan na ukun. Farfesa ya ce in ajiye zuciya a gida in ɗauki tef na awo.

18 Janairu

Kafintan layinmu ya gama katakan danne ganye guda biyu da akwatin busarwa. Da na kai masa zanen ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "Ɗana, wannan akwatin kaji za ka ƙyanƙyashe a ciki?" Na ce a'a Baba, ganye zan gasa. Ya ce Allah ya ba da sa'a, karatu dai iri-iri ne.

Wahalar ta zo wajen ƙwan lantarki. Akwatin yana buƙatar tsohon ƙwai mai zafi, kasuwa kuwa duk ta koma sabon da ba ya ɗumi. Sai a wata rumfa can cikin kasuwar Kejetia na samu ragowar kwali. Kafinta sidi 380, ƙwai da waya sidi 120, tsofaffin jaridu sidi 70, silika mai tsotse laima sidi 300, kalifa, wato ƙarfen auna faɗi da kauri, sidi 240.

27 Janairu

Takardar izinin ɗiban samfuri ba ta fito ba. A ofishin da na kai, mai sa hannu ya tafi taro, mai riƙe da fayil kuma ya ce bai taɓa jin wanda ya nemi izini don ya yanki ganye ba. Na bayyana masa cewa duk jinsin Encephalartos yana jeri na farko na yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, jerin da ya fi kowanne tsauri, kuma babu mujallar kirki da za ta buga aikin da aka yi da samfurin da ba shi da takarda. Ya saurare ni da kyau, ya ce in dawo mako mai zuwa.

3 Fabrairu

Takarda ta fito. Ta ba ni ganye, goyo ɗaya na kowane jinsi, da iri kaɗan. Ba ta ba ni tonon tsiro ba, ban kuma nema ba.

9 Fabrairu

Mun dawo daga tudu jiya da dare.

Sai da muka fara gaida sarkin ƙauyen, aka karanta masa takarda, aka ajiye goro da ɗan abin gaisuwa, sannan ya haɗa mu da wani tsohon maharbi. Makiyayin da ya fara nuna mana wurin ya tashi da shanunsa tun farkon rani.

Ƙunar daji ta riga mu. Ciyawa duk ta zama toka, duwatsu baƙi ƙirin, tsoffin ganyen saikad sun ƙone sun rage tsinke. Da na hango haka gabana ya faɗi, amma da muka hau sai ga sabon ganye yana tasowa daga kan kowane kututture, tara, goma, a lokaci guda, a miƙe, da laushi, da gashi-gashi, launinsu jan ƙarfe sosai a cikin baƙar tokar nan. Wutar ba ta kashe su, domin gindin tsoffin ganye ya yi wa kututturen sulke, kuma a saikad da yawa wuta ita ke tayar da sabon toho. Na ɗauki hoton launin tare da katin gwada launi, saboda da zarar ganye ya bushe a takarda launin ya tafi ke nan.

Na lissafa tsiro 63 a gefen yamma. Kowanne na ɗaura masa lamba da na yanko daga gwangwanin lemo, na auna tsawon kututture da kauri. Mafi yawa tsakanin santimita 40 da 90 suke, ɗaya ya kwanta a kan dutse ya wuce mita. A ƙarƙashin wani dutse da wuta ba ta kai ba na samu tsoffin ganye lafiyayyu, daga nan na yanki samfuri. Ƙananan ganyen tsakiya siriri ne, da ƙayoyi a baki biyu, suna raguwa zuwa ƙasa har su koma ƙaya zalla kusa da gindi. Hannuna na dama ya shaida.

Tsiro huɗu na da goyon namiji. Wajen la'asar na kai hannu kusa da ɗaya na ji ɗumi, ga wani wari mai nauyi. Goyon saikad yana ɗumama kansa ne don warin ya tashi ya kira ƙwari. Da na girgiza shi a kan farar takarda sai gari ya zubo, tare da wasu ƙananan ƙwari masu dogon baki irin masu huda hatsi. Su ne masu kai garin ga mace. Na zuba kaɗan a kwalbar sifirit. Maharbin yana tsaye yana kallo, ya ce shi tun yana yaro ya san kan yana zafi, su ba su ɗauka abin rubutawa ba ne.

Mace ko ɗaya ban gani da goyo ba. In babu goyo kuwa, ba yadda za a yi ka bambanta mace da namiji da ido.

Mota da babur da abinci da sallamar maharbi, sidi 1,450.

12 Fabrairu

Takardar liƙa samfuri ba ta wuce santimita 42 a tsaye ba, ganyen kuwa ya fi mita ɗaya da rabi. Don haka kashi uku ake ɗauka: gindi, tsakiya, da ƙarshe, a rubuta cikakken tsawon a lakabi. Na jera su a tsakar gida, jarida, ganye, jarida, kwali, na ɗaure da igiya na hau kai na zauna. Goyon namijin na tsaga shi biyu a tsaye, rabi ya shiga sifirit, rabi ya shiga akwati a cikin raga, domin in ya bushe warwatsewa yake yi.

Kawu ya shigo ya tarar da ni a haka. Ya ɗaga ganye ɗaya ya ce, "Kai yaro, wannan ai kwakwa ce, a bayan gidan Alhaji ma akwai ta, sai ka tafi har Volta?" Na miƙa masa rabin goyon na ce, Kawu, ka taɓa ganin kwakwa da wannan? Ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce ko ma mece ce a fitar da ita daga kusa da madafa.

20 Fabrairu

Ana sauya jarida safe da yamma. Hunturu na taimakawa. Samfuri 9 sun bushe ƙayau.

28 Fabrairu

Accra. Na sauka wajen Gwaggo a Nima, na wuni biyu a ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'ar Legon ina gwada nawa da nasu. Aikin ba shi da daɗin kallo: ka ɗora kalifa a kan ƙaramin ganye, ka rubuta tsawo da faɗi, ka ƙirga ƙayoyin sama da na ƙasa, ka koma na gaba. Hotunan tsoffin samfuran da ke Turai kuma na duba su a intanet, tun da yanzu ana ɗaukarsu da ma'auni a gefe.

Abin da ya fito: ƙananan ganyen tudunmu sun fi siranta, kuma ƙayoyinsu sun ɗan fi yawa. Sai dai mafi faɗi a cikin nawa ya kamo mafi siranta a cikin nasu. Farfesa ba zai so wannan haɗuwar ba.

Wani abu da ya tsaya mini a rai. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta shanye wurare da dama da barteri ke tsirowa a kwarin Volta. Wato irin bambancin da tsiron yake da shi a Gana kafin ruwan ya hau, wani sashensa a busassun takardu kawai ya rage. Mai yiwuwa a da akwai tsirrai masu kamannin tsaka-tsaki da suka haɗa na tudunmu da sauran, ruwa ya cinye su, shi ya sa namu ke mana kama da bare. Wannan tunanin bai yi mini daɗi ba, amma dole ya shiga rubutun.

A kan teburin akwai kundin tsirran Afirka ta Yamma na Hutchinson da Dalziel. Shi Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, kuma a 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa. Duk sanda na buɗe kundin sai in tuna cewa wasu tsofaffi ne da ba a rubuta sunansu ba suka zauna suka gaya masa.

Tafiya da dawowa sidi 520.

8 Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan asuba. Na zauna na rubuta daftarin bayanin nau'in, kamar dai an riga an tabbatar.

Ƙa'idar raɗa wa tsiro suna ba ta da yawa, amma ba ta yafiya. Sunan ya zama cikin sigar Latin. A rubuta bayani ko taƙaitaccen abin da ya raba shi da danginsa. A da sai da Latin, amma daga 1 ga Janairu 2012 an yarda da Turanci, an kuma yarda da bugu a intanet. Tun 1958 wajibi ne a nuna samfurin asali guda, wanda sunan zai rataya a wuyansa har abada, kuma tun 1990 sai an faɗi ma'ajiyar da aka ajiye shi. Ko bayan shekara ɗari wani ya yi gardama, wannan takardar zai je ya buɗe. In ta ruɓe ko ba ta nuna abin da aka ce tana nunawa, sunan ya shiga uku.

Na bi tsarin da masu saikad ke bi: kututture, ganye, ƙananan ganye, goyon namiji, goyon mace, iri. Na kai wa Farfesa shafi uku. Ya karanta a tsaye, ya zaro jan biro ya zagaye wurin da na bari fili, ya rubuta a gefe, "Ina macen?" Ya ce a wannan jinsin ganye maƙaryaci ne, rana da inuwa da ƙasa duk suna juya shi, amma fuskar ɓawon goyon mace ba ta cika sauyawa ba. Ya kuma goge sunan da na sa da fensir a sama. Ya ce suna sai ranar suna.

Ban ji haushi sosai ba. Kaɗan dai.

19 Maris

Asara. Ruwan farko ya sauka da iska ranar Lahadi, wata bishiya ta faɗa kan waya, unguwarmu ta kwana uku babu wuta. Akwatin busarwa ya huce, iska ta cika da laima. Samfuran da suka riga suka bushe na sa su a leda da silika, ba abin da ya same su. Amma masu kauri, wato gindin ganye da rabin goyon namiji, suna cikin akwati tukuna. Da na buɗe jiya sai wari ya tare ni. Fumfuna fara ta rufe goyon, ta shiga tsakanin ɓawo da ɓawo inda buhunan garin barbara suke, wurin da ake buƙatar gani da madubi. Gindin ganye huɗu sun yi baƙi sun yi laushi.

Na goge abin da zai gogu da burushi da sifirit. Mma ta ba ni aron kurfotinta, na ɗora faranti na ƙarfe, na jera katakan a sama nesa da wuta, na zauna ina juyawa daga bayan tarawihi har sahur. Gindi biyu sun tsira, biyu sun tafi. Busasshen goyon ba zai yi samfurin asali ba, sai dai a ajiye shi a matsayin ƙari. Rabin da ke cikin sifirit lafiya lau, amma ana son busasshe a kan takarda tare da ganyen tsiron da aka cire shi. Wato sai an sake yanko wani, takardar izinina kuwa goyo ɗaya ta ce. Sai an koma ofis.

Gawayi sidi 60. Na yanke shawarar in nemi ƙaramin murhun gas saboda damina.

26 Maris

An ƙara mini goyo ɗaya a takarda, wannan karon ba a ja ba. Na shigar da awo a kwamfuta. Ba fita sai bayan salla.

7 Afrilu

Tafiya ta biyu. Labari biyu, mai daɗi da marar daɗi.

Da muka hau gefen yamma na tarar da rami uku. Lamba 17, 22 da 40 babu su. Lamba 40 shi ne mai tsawon nan da ya kwanta a kan dutse. An sare ganyen an watsar, an datse saiwa da adda, an bar guntayenta a rami, har da saiwar nan mai kumburi-kumburi da ke tasowa sama, wadda ƙwayoyin halitta masu launin shuɗi-kore ke zama a cikinta suna jawo wa tsiron sinadarin naitrojin daga iska. Maharbin ya ce wasu mutane ne suka zo da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ana saura kwana kaɗan salla, suka ce masu gyaran lambu ne daga birni, suka ba samari kuɗi suka tona. Na tambaye shi, "Baba, ba wanda ya hana?" Ya ce, "Ɗana, wa zai hana? Ciyawa ce a kan dutse, ga mutum da kuɗi a hannu."

Tsiron da ya kai mita a kan irin wannan dutsen ya girmi duk wanda ya tona shi. Kuma da wuya ya rayu, tunda an datse masa uwar saiwa. Wannan ciniki shi ya sa saikad ya zama rukunin tsirran da ya fi kowanne shiga haɗari, fiye da kashi 60 cikin 100 na nau'o'insa suna jerin masu fuskantar ƙarewa. A Afirka ta Kudu har ƙaramar na'urar shaida ake cusawa a kututture saboda ɓarayi, kuma a 2014 an shiga lambun Kirstenbosch da ke Cape Town an sace fiye da 20. Encephalartos woodii kuwa, wanda John Medley Wood ya gani a dajin Ngoye a 1895, namiji ne tilo, ba a taɓa samun macensa ba, yanzu babu shi a daji sam.

Mun koma wurin sarki. Na yi magana, maharbi ya fassara. Ban kawo zancen Latin ba, na dai ce abin nan a duk ƙasar wurare kaɗan ke da shi, kuma doka na iya hawa kan wanda ya sayar. Sarki ya ce zai sa a yi shela. Mun yi da maharbi zan riƙa tura masa sidi 150 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, duk wata ya riƙa zagayawa.

Mai daɗin kuma: ya kai mu wani kwazazzabo a gefen gabas da ban shiga ba a Fabrairu. Tsiro 21 a inuwar itatuwa, wuta ba ta taɓa su ba, biyar da goyon mace. Kore ne mai duhu, a tsugune a kan guntun mariƙi, mai nauyi. Na yanki ɗaya tare da ganyen uwarsa, na ɗaura wa biyu ragar sauro don kada gafiya ta riga mu in sun fashe. A ƙarƙashin duwatsu akwai tsoffin iri na bara da aka gwaguye musu tsoka, na tsinci 30. Na kuma samu sabon goyon namiji a gefen yamma.

Sai dai ga abin da ya hana ni barci a mota: biyu daga cikin na kwazazzabon suna fitar da sabon ganye, kuma launinsa kore ne da ɗan ja a baki kawai.

Kuɗin tafiya sidi 1,600.

13 Afrilu

Na yi hoton goyon macen ta kowane gefe, na auna, sannan na sa safar hannu na fara ɓare shi daga ƙasa. Kowane ɓawo yana riƙe da iri biyu a cikinsa, sun fara ja. Fuskar ɓawon, wato ɓangaren da ke kallon waje, ita na fi daɗewa a kai: faɗi, tsawo, yadda tsakiyarta ta lotsa, ko santsi ce ko tana da ƙuraje. Na auna 40 daga tsakiyar goyon.

Duk sun faɗa cikin awon da aka rubuta wa barteri. Ba ɗaya da ya fita.

Na sake aunawa da yamma ko kalifa ce ta yi wasa. Ba ita ba ce.

'Yar ƙanwata ta ga jan iri a faranti ta miƙo hannu, Mma ta daka mata tsawa tun daga ƙofar ɗaki. Na riga na gaya wa gidan cewa tsiron duk guba ne, musamman irin, yana lalata hanta, dabba ma in ta ci ganyen tana iya shanyewar ƙafafun baya. Yanzu Mma ta kafa doka: kayan aikina su koma saman kwaba, awaki kuma kada a sake su in ina shanya. Ta ce, "Kai da ka ce karatu kake, ashe guba kake tara mana a gida."

21 Afrilu

Daga tsoffin iri 30 na fasa 6. Huɗu fanko, biyu da ɗan tsiro a ciki. A Encephalartos mace tana cika iri ya yi girma ko ba a yi barbara ba, don haka girma ba shaida ba ne. Sauran 24 na kwantar da su a kan yashi mai laima, rabi a binne. Irin saikad ba ya gaggawa, ɗan cikin yana ci gaba da girma wata da watanni bayan ya faɗo.

Samfuran mace sun bushe a kan murhun gas, ba fumfuna. Murhu da tukunya sidi 430.

2 Mayu

An ba mu farashin gwajin DNA na ganyen da ke cikin silika. Ya fi ƙarfin abin da ya rage a asusun aikin. Farfesa ya ce ko da kuɗin ma kada in sa rai da yawa. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa duk da tsufan zuriyar, nau'o'in saikad da ke raye yau sun rarrabu ne cikin kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce, kuma 'yan guntayen DNA da aka saba gwada tsirrai da su ba sa iya raba nau'o'in Encephalartos da kyau. Gwajin da zai raba su sai wanda ke karanta wurare dubbai, shi kuma sai da haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike a waje, da wata takardar CITES kafin ganye ya ƙetare iyaka.

Mun zauna mun baje komai a tebur. Goyon mace ya ce barteri. Goyon namiji bai ce komai ba. Kututture da sirantar ganye sun ce akwai wani abu. Launin toho, wanda shi ne ya fara ja na, ya rabu biyu tsakanin rana da inuwa a tudu ɗaya. Na ce ko a kira shi ƙaramin nau'i, kamar yadda Newton ya yi. Farfesa ya ce sai mun nuna cewa bambancin yana bin iri. A shuka 'ya'yan gefen yamma da na gabas a ƙasa ɗaya, rabi a rana rabi a inuwa, tare da barteri na wani wuri, a ga abin da zai fito.

A ganina yana da gaskiya kan sunan, ko da yake na so a ce ba shi da ita. Inda muka saɓa shi ne gaggawa. Shi yana ganin a jira shukar ta yi magana ko da shekara uku ne. Ni ina ganin ramuka ukun nan. Tsiron da ke da suna a takarda ya fi saurin samun mai kare shi, amma kuma sabon suna shi ne ke kiran masu aboboya daga nesa, domin masu tara saikad sabon nau'i suke bi da kuɗi. Ban ga hanyar da ba ta da ƙaya ba.

17 Mayu

Matsaya: za a rubuta gajeren rahoto a kan tsirran tudun da cikakken bayani da awo da hotuna, a ƙarƙashin sunan barteri da alamar cewa akwai sauran bincike. Daftarin sabon nau'in yana nan a fayil, na cike gurbin mace, saman shafin babu suna. A rahoton za a ambaci yanki kawai. Lambobin GPS za su zauna a rufaffiyar ambulan a ma'ajiya, lakabin da za a ɗora a intanet kuma a rufe wurin. An ware samfurin mace mai lamba 71 da kwafinsa biyu, in har ranar ta zo shi ne na asali.

Abin da aka kashe zuwa yau, har da na maharbi na wata biyu, sidi 5,470. Saura sidi 2,500 da 'yan kai.

Iri 3 sun tsage baki, saiwa ta leƙo tana neman ƙasa. Maharbi ya kira jiya, ya ce ɗaya daga cikin goyon da muka ɗaura wa raga ya fara buɗewa, kuma ba a sake tona ko ɗaya ba. Zan tafi farkon Yuni in kwaso irin kafin ruwa ya cika kwazazzabon, in kuma nemo iri daga gefen yamma, don har yanzu ba ni da ko ɗaya daga can. Kafin nan ana buƙatar dogayen tukwane 60 saboda uwar saiwa, da buhu biyu na yashin kogi, da ragar inuwa, da wanda zai riƙa ban ruwa in ba na nan. Kawu ya ce zai yi, in dai ba za a ce ya taɓa jan irin ba.